Sunan Medina na 'yan Sifaniya, wai yana da alaƙa da Madina ta Manzon Allah?

Baban_Walid:

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan, da fatan an wuni lafiya. Wata tambaya ce ke ta cina tun satin da ya wuce, nace bari dai in kawo ta nan ko Allah zai sa a samu wanda ya sani. Ina aiki a wani asibiti a Jidda ɓangaren gwajin jini, wannan shekarata ta huɗu kenan, kuma akwai wani abokin aikina ɗan Filifin, Kirista ne ɗan Katolika, mutumin kirki wlh, sunan gidansu Medina, haka yake a rubuce ɓaro-ɓaro a katin da yake ratayawa a wuya. Larabawan wurin kullum sai sun tsokane shi, wani ma cewa yake shi Makka za a sa wa ɗansa in ya haifa. Ni kuma ran nan muna cin abinci na ce masa ai kai kakanninka Musulmi ne daga Madina suka fito, ɓata kuka yi a hanya. Sai ya yi dariya yace a'a sunan Sifaniya ne, ba abin da ya haɗa su da Larabawa. Na ce to ina ruwan Filifin da Sifaniya kuma, yace labari ne mai tsawo, aka kira shi aiki maganar ta tsaya nan.

Abin da ya ƙara ɗaure min kai shine akwai wani ɗan ƙwallon Ajantina mai tsaron baya, Facundo Medina, wanda ya buga wa Lens ta Faransa, shi ma Medina. To ni yanzu abin da nake son sani, wannan sunan daga ina ya samo asali, meye ma'anarsa a wurinsu, kuma shin maganar da na faɗa wa bawan Allah nan gaskiya ce ko na yi masa shaci-faɗi ne? Don in kuskure na yi gara in koma in janye.

Dan_Kurna:

Wa alaikumus salam. Baban Walid ai wannan ba sai an tambaya ba, gaskiya ka faɗa masa. Musulmi sun mulki Sifaniya kusan shekara 800, tun daga 711 da Ɗariƙu bin Ziyad ya tsallaka teku har 1492 da Garnaɗa ta faɗi, daga baya aka tilasta wa waɗanda suka rage shiga Kiristanci. Duk wanda ka ji da Medina jikan Musulmi ne, kawai ka ci gaba da janyo shi a hankali ya dawo gida.

Malam_Na_Zaure:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan Kurna ka yi sauri kaɗan, bari mu ɗan tsaya a kan kalmar kanta tukuna. Madina a Larabci birni take nufi, kowane birni, ba sai na Manzon Allah (SAW) ba. Garin da muke cewa Madina asalin sunansa Yasriba, bayan hijira ne aka riƙa ce masa Madinatun Nabiyyi, wato birnin Annabi, har aka gajarta ya koma Madina kawai. To in ka je Fas ko Marakish ko Tunis yau, tsohon gari na cikin ganuwa madina ake ce masa, kamar yadda Bakano zai ce maka shi ɗan cikin birni ne.

Na biyu kuma, a ƙa'idar Larabci mutumin da ya fito daga Madina ba a ce masa Madina, Almadani ake cewa, kamar yadda muke da Madani a sunayenmu na nan. Haka malaman Andalus da muke karanta littattafansu a zaure, Alƙurɗubi daga Ƙurɗuba, Asshaɗibi daga Shaɗiba wadda yanzu ake kira Xàtiva kusa da Valencia, duk da wannan "i" ɗin ta nasaba a ƙarshe. Saboda haka sunan da ya zo tsurarsa Medina ba tsarin Larabawa ba ne na sa suna, kalmar ce ta Larabci amma wanda ya maida ta sunan gida ba da Larabci yake tunani ba. Iya nan nawa ilimin ya tsaya, na bar wa waɗanda suka san ƙasar su ƙarasa.

Bakatsine_a_Garnada:

Allah ya ƙara wa Malam lafiya, kun share min hanya. Ni ina zaune a Granada, wato Garnaɗar da Ɗan Kurna ya ambata, shekara shida kenan, karatu ya kawo ni aiki ya riƙe ni, kuma wannan tambayar ni ma na yi ta da na zo sabo don a layin da na fara zama akwai wani kantin gyaran takalmi da aka rubuta Medina a ƙofarsa, har na shiga da sallama ina zaton ɗan'uwa ne, dattijon ya bi ni da kallo.

Amsar a gajarce: Medina sunan gari ne da ya koma sunan gida. Abin da muka saba da shi ne ma a wurinmu, Aminu Kano, Shehu Shagari, Abubakar Tafawa Ɓalewa, Sa'adu Zungur, duk sunayen garuruwa ne aka liƙa wa mutum don a bambanta shi da sauran masu sunansa. To nan ma haka aka yi tun ƙarni na 12 zuwa na 15, mutum ya baro garinsu ya sauka wani wuri, Juan kuma sun yi yawa a gari, sai a ce Juan de Medina, wato Juan na Medina, a hankali "de" ɗin ta faɗi a wasu gidajen, 'ya'ya da jikoki suka gaji Medina. Bambancinmu da su kawai shine mu galibi sunan yana tsayawa a kan mutum ɗaya ko ɗansa, su kuwa ya zama gado har abada.

Kuma garuruwan da ake kira Medina a Sifaniya ba ɗaya ba ne, shi yasa masu sunan ba dangin juna ba ne, kowa da Medinar da kakansa ya fito. Akwai Medina del Campo a lardin Valladolid, wannan a ƙarni na 15 da na 16 babbar kasuwa ce ta Turai gaba ɗaya, fatake daga Italiya da Flanders suna zuwa cinikin ulu da canjin kuɗi, a nan ma sarauniya Isabel ta mutu a watan Nuwamba 1504, ita ɗin dai da ta karɓi Garnaɗa tare da mijinta Fernando. Garin da yake da kasuwa irin wannan dole mutanensa su watsu ko'ina, to duk inda suka sauka Medina ake ce musu. Akwai Medina de Rioseco ita ma a Valladolid, akwai Medina de Pomar can arewa a Burgos. Akwai Medinaceli a Soria wadda asalinta Madinatu Salim ce, a nan Almansur bin Abi Amir, mai riƙe da ragamar mulkin Andalus a lokacin, ya rasu a 1002 yana dawowa daga yaƙi, na je garin sau ɗaya, a kan tsauni yake, sanyi kamar zai tsinke maka kunne, kuma har yanzu akwai wata tsohuwar ƙofa ta Rumawa mai baka uku a tsaye. Sai Medina Sidonia a kudu a lardin Cádiz, wadda tun zamanin Rumawa sunanta Asido, Musulmi suka zo suka ɗora mata Madina a gaba, sarkin Kiristoci Alfonso na 10 ya ƙwace ta a 1264. Sarautar Duke na Medina Sidonia da aka ƙirƙira a 1445 tana cikin manyan sarautun ƙasar, mai riƙe da ita na bakwai shi ya jagoranci jiragen ruwan yaƙin da Sifaniya ta tura Ingila a 1588 aka yi musu kaca-kaca, amma ka lura sunan gidansu Guzmán ne, Medina Sidonia sunan sarauta ne kawai, kamar a ce Sarkin Gobir ko Sarkin Sudan.

Wanda ya fi taɓa zuciya a cikinsu kuwa ba gari ba ne yanzu, kufai ne, Medina Azahara, wato Madinatuz Zahra, kamar kilomita 8 yamma da Ƙurɗuba. Abdurrahman na 3 ne ya gina ta bayan ya ayyana kansa halifa a 929, amma ko shekara ɗari bata yi ba aka rushe ta a fitinar da ta ɓarke wajen 1010, kuma ba Kiristoci suka rushe ta ba, rikicin cikin gida ne na Musulmi. A 2018 UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya. In Allah ya kawo ɗayanku ƙasar nan kada ya koma bai je ba.

To abin lura anan, lokacin da sunayen gida suka fara kafuwa, yawancin waɗannan garuruwan sun daɗe a hannun Kiristoci. Medina del Campo da Medina de Pomar ma suna yankin da mulkin Musulmi bai yi wani dogon zama ba, masana da yawa suna ganin Kiristocin da suka rayu a ƙarƙashin Musulmi suna jin Larabci, waɗanda ake kira Mozárabes daga musta'arib, su suka yi ƙaura arewa suka tafi da kalmar. Kenan mutum zai iya zama Medina kakanninsa kaf basu taɓa kallon gabas ba.

Kuma ba Medina kaɗai ba ce. Alcalá daga alƙal'a ce wato ganuwa ko sansani, Alcántara daga alƙanɗara wato gada, Almodóvar daga almudawwar wato zagayayye, duka garuruwa ne da suka zama sunan gida. Wanda ya fi bani dariya shine Alguacil, sunan wanda ya daɗe yana horar da ƙungiyar ƙwallon Real Sociedad har 2025, asalinsa alwazir ne, Wazirinmu dai na fada. Shugaban ƙaramar hukuma kuma a nan alcalde ake ce masa, daga alƙadi, inda mu ma muka samo alƙali. Kalma ɗaya ta tsallaka teku ta yi arewa, ta ratsa sahara ta yi kudu, kowa ya lanƙwasa ta da harshensa.

Dan_Kurna:

Bakatsine na ji bayaninka kuma na ƙaru, amma ban yarda duka ba. To Musulmin da aka tilasta wa baftisma fa, wane suna suka ɗauka? Ai ba za a ce babu ko ɗaya a cikinsu da ya riƙe Medina don ya riƙa tuna asalinsa ba. Kada mu zo muna wanke Turawa kan zaluncin da suka yi.

Bakatsine_a_Garnada:

Ɗan Kurna wa ya isa ya wanke su, ni da nake wucewa ta dandalin Bib-Rambla kusan kullum, inda babban limamin Katolika Cisneros ya sa aka tara littattafan Larabci aka cinna musu wuta wajen 1500. Zalunci an yi shi. Kuma ban ce babu Musulmin da ya ɗauki Medina ba, tabbas za a samu, abin da nace shine sunan shi kaɗai baya zama hujja, ka ga bambancin.

Bari in ɗan faɗaɗa. Bayan faɗuwar Garnaɗa a 2 ga Janairu 1492 an yi wa Musulmi alkawarin za a bar su da addininsu, ba a cika ba. A 1502 aka ce duk Musulmin Castilla ya karɓi baftisma ko ya bar ƙasa, a 1526 abin ya kai Aragón da Valencia. Waɗannan su ake kira Moriscos. A wurin baftisma fada, wato limamin coci, ne ke sa suna, sau da yawa sunan ubangidan da ya tsaya wa mutum ake bashi, ko sunan wani babban mutum na yankin, ko sunan garin. Shi yasa jagoran tawayen da Moriscos suka yi a tsaunukan Alpujarras kusa da Garnaɗa a 1568, wanda ya kira kansa Muhammad bin Umayya, Turawa suna ce masa Aben Humeya, sunansa na takarda Fernando de Córdoba y Válor ne. Shi kansa tawayen abin da ya tayar da shi dokar sarki Felipe na 2 ce ta 1567 da ta hana magana da Larabci da sa tufafin Musulmi da sunayen Musulmi har da gidajen wanka. To ka duba, mutumin da ke ɓoye sallarsa a ɗaki, kotun coci mai binciken aƙida, wato Inquisición, tana sa ido ko ya yi wanka ran Juma'a ko ya ƙi cin naman alade, abin da yake nema shine sunan da zai ɓatar da shi cikin jama'a, García ko Fernández ko López. Galibin Moriscos irin waɗannan sunayen suka ɗauka, irin na kowa da kowa.

Daga 1609 zuwa 1614 kuma Felipe na 3 ya kore su gaba ɗaya, mutum wajen 300,000, yawancinsu suka sauka Maroko da Aljeriya da Tunisiya. Abin mamakin shine in kana neman jikokin Musulmin Andalus na haƙiƙa, a can zaka same su ɗauke da sunayen Sifaniya, gidan Bargach a Rabat asalinsu Vargas ne, gidan Torres a Tetuwan su ma haka. Wato Musulmi a Maroko yana Torres, Kirista a Valladolid yana Medina.

Wani abu kuma da zai ƙara rikita maka lissafi, Yahudawan Sifaniya da aka kora a 1492 su ma suna son sa sunan gari sosai, Toledano, Soriano, da de Medina. Akwai Samuel de Medina babban malamin Yahudawa a Salonika a ƙarni na 16 lokacin tana hannun Daular Usmaniyya, akwai Solomon de Medina ɗan kasuwa da sarkin Ingila ya ba lambar girma ta Sir a 1700. To suna ɗaya, Kirista na da shi, Bayahude na da shi, Musulmi na da shi.

Game da su Facundo na Ajantina kuma, sunan ya tsallaka Amurka ne da jiragen ruwa tun farko-farko, misali Bartolomé de Medina mutumin Sevilla wanda a wajen 1554 a Pachuca ta Meziko ya fito da hanyar tace azurfa da zaiba, abin da ya sa ma'adinan azurfar can suka yi ta kwarara Sifaniya. A hukumance ma an hana sababbin tuba, Musulmi ko Yahudawa, zuwa can, sai ka kawo shaidar abin da suke kira tsarkin jini, duk da dai mutane sun yi ta saɓa dokar da takardun bogi. Sannan ɗimbin 'yan asalin ƙasashen da bayin da aka kai daga Afirka sun ɗauki sunan iyayen gidansu ko na fadan da ya yi musu baftisma. Shi yasa yau Medina suka cika Meziko da Kolombiya da Benezuwela, har shugabannin ƙasa an yi, Isaías Medina Angarita a Benezuwela daga 1941 zuwa 1945, Danilo Medina a Jamhuriyar Dominika daga 2012 zuwa 2020.

Wata shawara, in ka buga sunan a intanet zaka ga shafuka suna nuna maka wata garkuwa mai zane suna cewa tambarin gidan Medina ne, ka biya a buga maka a kofi ko a riga. Kasuwanci ne kawai. Irin wannan tambarin na zuri'a ɗaya ne takamaimai da aka ba, ba na duk mai sunan ba.

Maman_Ilham:

Sannunku da ƙoƙari, Yaya Bakatsine Allah ya saka da alheri, yau na sha karatu. Ni a Zaragoza muke da maigida, bari in ƙara abu ɗaya da ya shafi mu mata tunda ba wanda ya taɓo shi. A nan kowa sunan gida biyu gare shi, na farko na uba na biyu na uwa, kuma mace bata canja sunanta don ta yi aure, da sunan gidan ubanta zata mutu, wannan kam ya yi min don ya dace da abin da addini ya koya mana. To in ka ga mutum Medina ka duba a wane gurbi yake, in na biyu ne to na gidan su mahaifiyarsa ne kuma galibi daga kansa zai tsaya ba zai kai ga jikoki ba. Yanzu ma doka ta ba iyaye dama su zaɓi wanda zai zo farko, na uwa ko na uba, amma duk 'ya'yansu sai sun bi tsari ɗaya.

Masu kallon ƙwallo ku duba Lamine Yamal, da yawa suna zaton Yamal sunan babansa ne, alhali Lamine Yamal duka sunan yanka ne, sunayen gidan su ne Nasraoui na wajen uba ɗan Maroko da Ebana na wajen uwa 'yar Ikwatoriyal Gini. Mu kuwa da muka je yin takardu sai da aka yi ta fama da mu, wai ina sunan gidan mahaifiyarki, ni kuma sunana da na babana kawai na sani a fasfo, ma'aikaciyar ta kasa gane yadda za a yi sunan babana na yanka ya zama sunan gidana kuma na kakana daban. Wanda ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa bashi da na biyu maimaita masa na farkon ake yi, shi yasa a Ceuta da Melilla zaka ji Mohamed Mohamed da yawa.

Su kuma masu ez a ƙarshe, Rodríguez, Fernández, Martínez, Sánchez, González, ma'anarta ɗan wane, ɗan Rodrigo, ɗan Fernando, ɗan Martín, kamar dai Ɗanmusa ko bin Fulan. López ɗan Lope ne, shi kuma Lope daga kalmar Latin ta kyarkeci. Wanda ya fi kowanne yawa a ƙasar García ne, mutum sama da miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu ke da shi a matsayin na farko, a ajin su Ilham kaɗai akwai uku. Hukumar ƙididdigarsu INE tana da shafi da zaka rubuta kowane suna ta nuna maka mutum nawa ke da shi da lardin da suka fi yawa, kyauta ne, Baban Walid ka gwada Medina ka gani.

Injiniya_Doha:

Duk kun yi bayani mai kyau amma kun bar ainihin mutumin da ake magana a kansa, shi fa ɗan Filifin ne ba ɗan Valladolid ba. Na yi shekara tara ina aiki da su a wurin gine-gine a Ƙatar, Santos, Reyes, Cruz, Bautista, Mendoza, Villanueva, duk sunayen Sifaniya amma ka kalli fuskar mutum ba alamar Bature ko ɗaya, har sai da wani fomanmu ya warware min.

Sifaniya ta mulki Filifin daga 1565 da jagoran jiragensu Legazpi ya sauka har 1898 da Amurka ta karɓe, sunan ƙasar ma daga Felipe na 2 aka samo shi, shi ɗin dai da Bakatsine yace ya hana sunayen Musulmi a Garnaɗa. Da mutane suka shiga Katolika sai kowa ya riƙa ɗaukar de la Cruz ko de los Santos, wa da ƙani ma kowa da nasa sunan daban, masu karɓar haraji suka rasa gane wa ya biya wa bai biya ba. Sai gwamna Narciso Clavería ya fitar da doka ranar 21 ga Nuwamba 1849, aka buga wani kundi mai sunaye kusan dubu sittin a jere bisa haruffa, na Sifaniya da na harsunan ƙasar da sunayen itatuwa da dabbobi da garuruwa, aka rarraba wa larduna, kowane magidanci da bashi da tsayayyen sunan gida ya zaɓa ko a zaɓa masa. A wasu wuraren shafukan da suka iso garin kawai aka raba, shi yasa garin Oas a lardin Albay ya yi suna da cewa yawancin sunayen mutanensa da R suke farawa.

Kenan abokinka zai iya yiwuwa wani kakansa can baya Basifaniye ne ko ɗan Meziko, don shekara 250 jiragen ruwa suna zirga-zirga tsakanin Manila da Acapulco ta Meziko, amma abin da ya fi yawa a ƙasar shine sunan an ba su ne kawai, a coci ko a ofishin gwamnati, ba jini ko ɗigo. In yana son tabbatarwa rajistar baftisma ta cocin garinsu zai bi, da yawa daga cikinsu an ɗauke su a hoto suna shafin intanet na FamilySearch, in ya ga kafin 1849 gidan suna da wani suna daban to magana ta ƙare.

Amma Ɗan Kurna kada ka karaya, akwai inda maganarka zata iya fitowa ta bayan gida. Lokacin da Sifaniyawa suka iso Manila a 1570 sarakunan wurin Musulmi ne, Raja Sulaiman na cikinsu, kuma da suka gan su suna sallah sai suka kira su Moro, sunan da suke kiran Musulmin Andalus da shi, har yau haka ake kiran Musulmin Mindanao da Sulu. To in dangin abokin Baban Walid 'yan wajen Manila ne ba mamaki a samu Musulmi a kakanninsa, sai dai ta Brunei da fataken Malay Musuluncin ya iso musu, ba ruwan sunan Medina a ciki.

Dan_Kurna:

To ai kun gani, ko ta ina aka bi dai an dawo kan maganata 😂 Injiniya Allah ya biya ka. Bakatsine na sallama, hujja ta fi ƙarfina.

Baban_Walid:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci, Malam Na Zaure Allah ya ƙara basira. Yau da muka fito hutun azahar na same shi na ce masa na janye maganata, ba daga Madina kuka fito ba, na karanta masa abin da Injiniya ya rubuta ina fassara masa. Yace ai a makarantar firamare ma an koya musu labarin Clavería, shi dai bai taɓa bin diddigin nasu gidan ba, abin da ya sani kawai kakansa manomin shinkafa ne a wani ƙauye a tsibirin Luzon kuma ba wanda ya taɓa jin an ce suna da dangi Bature. Maman Ilham na tambaye shi zancen suna biyu, yace su ma suna da na uwa amma a tsakiya suke sa shi, na uba a ƙarshe, tun zamanin Amurkawa aka juya musu shi haka. Abin da ya fi bashi mamaki shine da na gaya masa kalmar birni kawai take nufi, yace shekara bakwai yana Saudiyya ana tsokanarsa da sunan ba wanda ya taɓa gaya masa haka. Ya ce zai kira wata gwaggonsa da ke riƙe da tsofaffin takardun gidan ta duba masa ko akwai sunan da suke amfani da shi kafin Medina, in ta samo wani abu zan dawo in sanar da ku in sha Allah. Bakatsine in ka sake wucewa ta kantin dattijon nan mai takalmi ka tambayar mana shi wace Medinar ce tasu.